Yau Gani Bai Kori Ji Ba

Jama'a masu sauraro, na Daura da Zango da Baure da Sandamu da Mai'adua, da 'yan'uwa na tsallaken iyaka, mutanen Matamaye da Magarya da Kance har cikin birnin Damagaram.  Shirin na yau zai tsaya ne a kan labari: wanda yake ƙera shi, hanyar da yake biyowa kafin ya iso kunne, da wanda yake cin ribarsa.

Duk wanda ya kwana a Kwangwalam, garin bakin iyaka, cikin makon farko na Agustan 2023 ba zai manta da shi ba. Ranar 26 ga Yuli dakarun da ke tsaron fadar shugaban ƙasa a Yamai suka tsare shugaban Nijar Mohamed Bazoum, bayan kwana biyu Janar Abdourahamane Tchiani ya bayyana a talabijin a matsayin sabon shugaba. Ranar 30 ga watan ƙungiyar ECOWAS, wadda mutanen tsallake suka fi sani da CEDEAO, ta zauna a Abuja ta ba sojojin mako guda su mayar da Bazoum kan kujerarsa, in sun ƙi a yi amfani da ƙarfi. Aka garƙame iyaka. Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take tura wa Nijar, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga nan take zuwa. Manyan motoci suka yi cirko-cirko da kaya a kansu, kasuwar Mai'adua ta ranar Lahadi, wadda armashinta dabbobin da ake korowa daga arewa ne, ta yi sanyi.

Ga mutumin Legas wannan siyasar ƙasa da ƙasa ce. Ga Daurawa kuwa maganar cikin gida ce. Gwaggo tana aure a Magarya, ƙane yana karatun allo a Damagaram, abokin ciniki ya karɓi kaya bashi a Ɗan Barto. Layin da ya raba su Ingila da Faransa ne suka shata shi, suka kakkafa masa alamomi tsakanin 1906 da 1908, ya ratsa ta cikin tsohuwar ƙasar Daura ba tare da an tambayi kowa ba. Ai ko marigayi Muhammadu Buhari, dab da saukarsa daga mulki a 2023, da raha ya ce in an dame shi a Daura, Nijar zai tsallaka. Don haka da aka fara zancen yaƙi, kowa a wannan yanki ya san cewa in an harba bindiga, ɗan'uwa za ta sama.

A irin wannan fargaba ce waya ta zama sarauniya. A je teburin mai shayi bayan sallar isha'i. Mutum bakwai ko takwas a kan benci, ɗan janareta yana kuka a shagon mai caji na gefe, wayoyi sun yi sahu a kan katako kowace da lambarta. Sai wani ya ce, "Ku saurara, yanzu aka turo min." Ya ƙure murya. Wani mutum ne ke magana da Hausa rangaɗaɗau, ya yi sallama, ya yi salati, sannan ya ce yana da tabbaci daga wani babban soja cewa daren nan za a shiga. Bai faɗi sunansa ba, bai faɗi garin da yake ba, bai faɗi ranar da ya yi maganar ba. Ya rufe da roƙon duk wanda ya ji ya tura wa 'yan'uwa don Allah. Kafin mai shayi ya gama soya ƙwai, saƙon ya fita daga wayoyi biyar zuwa zaurukan WhatsApp goma sha. Gari ya waye ba a shiga ko'ina ba, amma wani ya riga ya karyar da ragonsa, wani ya fasa kai gero kasuwa, wata uwa ta kwana ba ta runtsa ba.

Ba saƙon murya kaɗai ba. A makonnin nan an yi ta yaɗa wani bidiyo na wani mutum yana sharɓar kuka, aka ce ministan kuɗin Nijar ne sojoji suka ba shi awa 48 ya fito da dukiyar ƙasa ko a harbe shi. Masu bin diddigi suka gano bidiyon na 2021 ne, mutumin kuma Marou Amadou ne, tsohon ministan shari'a, kukan nasa ba shi da haɗi da juyin mulki ko kaɗan. An kuma yaɗa tsofaffin hotunan jirage da na sojoji daga wasu ƙasashe aka ce mayaƙan hayar Wagner na Rasha ne suka sauka a Yamai. Hoton gaskiya ne, bayanin da aka liƙa masa ne ƙanzon kurege.

Abin da ya kwantar da ƙurar kuwa ba a waya aka yi shi ba. Majalisar Dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan ɗaukar matakin soja ranar 5 ga Agusta. Muhammadu Sanusi na Biyu ya je Yamai tare da Sarkin Damagaram suka ga Tchiani ido da ido, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ta biyo baya. Mutane ne masu suna da fuska, waɗanda in sun yi ƙarya an san inda za a same su. ECOWAS ta ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairun 2024, aka buɗe iyaka cikin Maris.

To, kada mai sauraro ya ɗauka manyan ƙasashe yau suka fara neman kunnen Bahaushe. Kunne ya girmi kaka. Lokacin da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin Janairun 1939, da Abubakar Imam a matsayin edita, ɗaya daga cikin dalilan shi ne kashe jita-jitar da ke yawo gabanin Yaƙin Duniya na Biyu, har da wadda ke cewa Ingila za ta miƙa Najeriya ga Jamus. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957. Cikin shekarun 1960 Jamus da Sin da Mosko suka bi sahu, Muryar Amurka ta shigo a 1979, daga baya Tehran, Faransa ta zo da RFI Hausa a 2007, Turkiyya ta zo da TRT Afrika a 2023. Babu ƙasar da ke kashe kuɗinta tana magana da harshen wasu don neman lada. Kowace da abin da take so a ɗauka.

Sai dai akwai abu guda da tsohon tsarin yake da shi. Dattijon da ya rataya rediyonsa a kafaɗa ya san daga ina ake masa magana. Ya ji London da asuba, ya murɗa ya ji Jamus, da yamma ya ji Amurka, ya kwatanta, ya yanke hukuncinsa. In tasha ta yi ƙarya, tana da suna da adireshi, ana iya rubuta mata wasiƙa a ƙaryata ta, gobe kuma sai ta sake fuskantar masu sauraron nan. Haka ma a cikin gari: in sanƙira ya fito ya ce Sarki ya gaishe ku, kowa ya san bakin wa ya ara. Labari yana da uba. Abin da wayar hannu ta kawo shi ne labari marar uba, wanda ke shigowa ta hannun amini ko ƙanwar uwa, mutanen da ba a jin daɗin ƙaryata su.

Tashoshin masu adireshin ma sai raguwa suke. Hukumomin Yamai sun dakatar da RFI da France 24 kwanaki kaɗan bayan juyin mulki, suka dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024. Muryar Amurka kuma gwamnatin ƙasarta ce da kanta ta sa ta yi tsit a Maris na 2025. Duk gurbin da rediyo ya bari, waya ce ke cike shi.

Su wane ne a bayan labule? Wani lokaci ana kama su. A Disambar 2020 kamfanin Facebook ya sanar da rufe wasu gungun shafukan bogi da ke yaƙar juna a kan ƙasashen Afirka, musamman Afirka ta Tsakiya da Mali, har da Nijar. Wasu ya danganta su da mutanen da ke da alaƙa da rundunar sojan Faransa, wasu da mutanen Yevgeny Prigozhin, uban gidan Wagner. Ɓangarorin biyu duka sun yi shigar 'yan Afirka, da sunayen Afirka da hotunan Afirka, suna zagin juna da ƙarya. A Maris na 2020 ma an bankaɗo wasu matasa a Ghana da Najeriya da aka ɗauka haya suna rubutu a shafukan bogi, aikin da aka danganta da Rasha. Wato mai yi wa mutum huɗubar kishin Afirka a waya, mai yiwuwa albashinsa daga wata nahiya yake zuwa.

Ba kuma kowa ne ɗan haya ba. Akwai wanda abincinsa kawai yake nema. Manhajojin nan an gina su ne su riƙe idon mutum, don da yawan kallo ake sayar da talla, abin da ya fi riƙe ido kuwa shi ne abin da ya tayar da hankali ko ya fusata. Na'urar da ke zaɓar abin da za ta nuna wa mutum ba ruwanta da gaskiya ko ƙarya, lissafin daƙiƙoƙin da ya tsaya kawai take yi. Mai haɗa bidiyon yana samun mabiya, wani har a biya shi da dala. Mai turawa kuma shi ke ƙona datarsa, shi ke kwana da fargaba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Daurawa ba sa buƙatar a kai su nesa neman misali, don ɗansu Buhari ya sha wannan har sau uku. Na farko a zaɓen 2015. Sai a 2018 jaridar Guardian ta Ingila ta fallasa cewa wani attajirin Najeriya ya biya kamfanin Cambridge Analytica kimanin fam miliyan 2 don a ɓata Buhari, har aka haɗa bidiyo mai cike da hotunan zubar da jini don tsorata masu zaɓe. Na biyu shi ne zancen Jibrin ɗan Sudan. Bayan doguwar jinyar da ya yi a London a 2017, sai aka baza cewa ya rasu an kawo mai kama da shi, Nnamdi Kanu ya riƙa yayata zancen, ana jera hotunan kunne da na hannu wai hujja ce. A Daura, inda akwai waɗanda suka yi wasan ƙasa da shi, abin dariya ne. Amma zancen ya yi ƙarfin da ranar 2 ga Disambar 2018, a birnin Krakow na Poland, shugaban ƙasa sukutum ya tsaya gaban jama'a yana tabbatar musu cewa shi ne shi. Mutumin da aka kashe a waya tun 2017 bai rasu ba sai ranar 13 ga Yulin 2025, aka yi masa sutura a gidansa na Daura ranar 15 ga wata, a kan idon dubban mutane.

Na uku ya fi nuna inda ƙarfi ya koma. A farkon Yunin 2021 kamfanin Twitter ya goge wani saƙon Buhari, ya ce ya saɓa wa ƙa'idarsa. Gwamnati ta mayar da martani da rufe Twitter a ƙasar, daga 5 ga Yuni har 13 ga Janairun 2022. Kowa da ɓangaren da ya ga ya fi gaskiya a rigimar, amma abin lura shi ne wani kamfani a California ya iya toshe bakin shugaban ƙasa mafi yawan jama'a a Afirka, gwamnati kuma ba ta da abin ramawa sai ta toshe bakin 'yan ƙasarta.

Wanda ya riƙe igiya shi ke da akuya. Ranar 14 ga Maris 2024 wasu manyan wayoyin intanet da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, sai ga mai POS a bakin tasha yana ta danna na'ura kuɗi sun ƙi fita, bankuna suna ba da haƙuri. A Satumbar 2021 an kashe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga, mutanen Jibiya da Faskari da Ƙanƙara suka ɗanɗana rayuwa babu kira babu saƙo na tsawon watanni. Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan'adam na attajiri Elon Musk, wanda sojojin Yukren suka dogara da shi a fagen daga, ya shigo Najeriya a 2023, ya shiga Nijar a 2025. Jami'ar Sufuri da ke nan Daura kamfanin CCECC na Sin ne ya gina ta, matatar mai ta SORAZ da ke kusa da Damagaram ma da hannun Sin aka yi ta. Sojojin Faransa sun fice daga Nijar a Disambar 2023, masu horarwa na Rasha sun sauka a Afrilun 2024, Amurka ta bar sansanin jiragenta marasa matuƙa na Agadas a Agustan shekarar. Duk wannan juyi ya faru ne a ƙofar gidan Daura cikin ƙanƙanin lokaci, kuma kowane mataki da rundunar masu ba da labari a gabansa.

A nan dole a yi adalci, don ruwa ba ya tsami banza. Fushin da 'yan Nijar ke yi da Faransa ba Rasha ce ta ƙirƙiro shi ba. Tun daga farkon shekarun 1970 aka yi shekara da shekaru ana haƙar yuraniyom a Arlit ana kunna fitilun Faransa, alhali mafi yawan ƙauyukan Nijar suna kwana cikin duhu. Rushewar Libiya a 2011 ita ta buɗe wa Sahel ƙofar makamai. Waɗannan gaskiya ne, kuma ƙaryar da ta fi kama jiki ita ce wadda aka ɗora a kan gaskiya. Sai dai laifin tsohon baƙo ba ya wanke sabo. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya a kan abin da ya faru a garin Moura na Mali a Maris na 2022 ya ce an kashe aƙalla mutum 500, ya ɗora alhakin a kan sojojin Mali da mayaƙan waje da ke tare da su. Wannan ba ya cikin bidiyoyin da ake turowa da kiɗan jarumta.

Zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, wadda har a Daura matasa suka fita, ta nuna yadda abin ya tsallako. Yunwar gaskiya ce, ba wanda ya aro ta. Amma sai ga tutar Rasha a titunan Kano da Kaduna da Katsina, aka kama teloli masu ɗinka ta, ofishin jakadancin Rasha ya ce ba hannunsa. Cikin ruɗanin har aka tsare wasu 'yan Poland bakwai a Kano, ɗalibai shida da malaminsu daga Jami'ar Warsaw, inda ake koyar da Hausa, daga baya aka sake su. Bayan wata huɗu, ranar 25 ga Disamba, Janar Tchiani ya yi doguwar hira da Hausa yana zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa don dagula Nijar. Nuhu Ribadu, mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro, ya musanta, shi ma da Hausa. Gwamnatoci biyu masu aiki da Faransanci da Ingilishi sun ajiye harsunan ofis sun koma Hausa, don sun san alƙalin shari'ar yana zaune ne a kan bencin mai shayi.

Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo. Da can Bahaushe yana da mafaka guda: gani ya kori ji. Yau na'ura tana iya ɗaukar muryar mutum ta sa shi faɗin abin da bai taɓa faɗa ba, leɓɓansa suna motsi daidai. A Maris na 2022 an haɗa wa shugaban Yukren, Zelensky, bidiyo yana umartar sojojinsa su ajiye makamai. A 2025 an cika wayoyi da waƙoƙin yabon Kyaftin Ibrahim Traore na Burkina Faso da aka jingina wa manyan mawaƙan Amurka, ba su san an yi ba, har da wani jawabin bogi na Fafaroma Leo da fadar Vatican ta fito ta ƙaryata. Wanda ya iya yi wa Fafaroma haka, muryar malamin unguwa ko ta hakimi ba za ta gagare shi ba.

Maganin bai yi nisa da zaure ba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ɗauki hadisi ya san ba a karɓar magana sai an san wanda ya ruwaito ta, da wanda ya faɗa masa, da halin kowannensu, kuma Suratul Hujurat ta yi umarni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi. Abin mamaki ne a ce al'ummar da ta gaji wannan ilmi ita ce ke tura muryar wanda ko sunansa ba ta sani ba. Saƙon da ya zo da kibiya biyu a samansa, WhatsApp ne da kansa ke shaida cewa ya bi hannaye da yawa. Saƙon da bai faɗi rana da wuri ba, wanda ya haɗa mutum da Allah ya tura, wanda ya sa zuciya ta tafasa nan take, shi ya fi cancantar a dakata masa. Akwai kafofin bin diddigi irin su Dubawa, kuma matasan da suka iya waya za su iya nemo asalin hoto cikin 'yan mintuna, in dattawa suka daure suka tambaye su.

Mutanen ƙasar Daura kuma suna da abin da mazaunin Abuja ba shi da shi. Daga cikin gari zuwa Kwangwalam ba a cika rabin awa a mota ba. Direbobin Damagaram suna lodi kullum, dillalan Mai'adua suna da lambar abokan cinikinsu na tsallake, kusan kowane gida yana da wanda zai kira a Magarya ko Matamaye. Malam mai sauraro, Hajiya mai sauraro, in aka sake turo cewa an rufe iyaka, ko sojoji sun taso, ko an kori 'yan Najeriya daga wani gari, a fara kiran wannan ɗan'uwan a tambaye shi abin da idonsa ya gani a ƙofar gidansa. In an ji daga bakinsa, sannan a taɓa madannin turawa.